Sensar damtse ta ce 7.0, lab ya ce 8.1: wanne za mu kama?

Tambaya daga Daura:

Assalamu alaikum Likita. Mahaifiyata tana da shekara 63, kuma shekara 9 ke nan tana fama da ciwon suga. Tana shan metfomin da Daonil. Ƙanena ya aiko mata da na'urar nan da ake mannawa a damtse, mai nuna suga a waya ba sai an huda yatsa ba. Ta yi kwana 14 da ita. Ranar ƙarshe aka ɗebi jininta da safe kafin ta karya. A lokacin waya ta nuna 138, takardar lab kuma ta fito da 6.6. Sannan manhajar ta rubuta GMI 7.0, lab ya ce HbA1c ɗinta 8.1. Wani mai kemis ya ce na'urar jabu ce, a yar da ita a ƙara mata Daonil. Wanne za mu yarda da shi?

Amsa:

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya saka muku da alheri kan ɗawainiyar da kuke yi da ita.

Kafin mu shiga lissafi, kada a ƙara mata ko rabin ƙwaya na Daonil a kan maganar mai kemis. Maganin nan yana matsa wa jiki ya fitar da insulin ko an ci abinci ko ba a ci ba, kuma idan ya kayar da sugan dattijuwa, yakan daɗe bai sake ta ba. Na sha karɓar tsofaffi da asuba a sume, dangi suna ta tofi suna cewa shanyewar ɓarin jiki ne, alhali sugan ne ya faɗi ƙasa da 40. Suga mai ɗan yawa yana ɓarna ne a shekaru, faɗuwarsa kuwa a dare ɗaya take yi. Saboda haka a bar magani yadda yake har likitan da ke duba ta ya ga takardun biyu.

Sai batun 138 da 6.6. Wannan mudu biyu ne aka auna hatsi ɗaya da su. Wayar tana ƙidaya da mg/dL, lab ɗin kuma da mmol/L, kamar yadda yawancin ɗakunan gwajinmu suke rubutawa. A ninka na lab da 18 sai a sami na waya: 6.6 sau 18 ya ba da 119. To ka ga tazarar ta koma 138 da 119, wato 19 kacal. Ni da na ga irin wannan tazara ba na ko ɗaga gira, amma tunda ka tambaya, bari in nuna maka inda 19 ɗin nan za ta iya fitowa.

Sensar ba jini take aunawa ba. Ɗan siririn zaren da ya shiga fatar Hajiya bai kai jijiya ba, yana zaune ne cikin ruwan da ke jiƙa naman da ke ƙarƙashin fata. Suga yakan fara shiga jini, daga nan ya tsattsafo zuwa wannan ruwan. Duk wanda ya yi noman rani a fadama ya san haka: idan ruwa ya zo a gulbi, ba nan take 'yan rijiyoyin da ke gefe suke tasowa ba, sai an jima, kuma idan gulbin ya janye su ma sukan yi jinkirin sauka. Jinkirin da ke tsakanin jini da ruwan fata yakan kai minti 5 zuwa 15. Idan sugan yana zaune wuri ɗaya, ba ka ganin bambanci sosai. Amma idan Hajiya ta sha koko da ƙosai sugan yana hawa a guje, sensa tana baya, sai ta nuna ƙasa da abin da ke cikin jini. Idan yana gangarowa, ta nuna sama da shi. Shi ya sa kibiyar da ke gefen lambar take da daraja kamar lambar kanta. 138 da kibiya a kwance daban, 138 da kibiya ta nuna ƙasa daban.

Bayan wannan, kowace na'ura tana da kuskurenta da masu ƙera ta suka amince da shi a fili. Sensoshin zamani irin su FreeStyle Libre da Dexcom, idan aka gwada su da lab, matsakaicin saɓaninsu yana tsakanin kashi 8 zuwa 10 cikin 100. Matsakaici na ce, ma'ana wani karatun zai faɗa daidai, wani ya kauce fiye da haka. Ita ma mitar yatsa da muke ɗauka alƙaliya, ƙa'idar ISO (hukumar ƙa'idojin inganci ta duniya) ta 2013 ta yarje mata ta kauce da kashi 15 cikin 100 idan suga ya kai 100 ko fiye, ko da maki 15 idan bai kai ba, muddin kashi 95 na karatunta sun tsaya cikin wannan iyaka. Jinin da suganshi na gaskiya 130 ne, mita mai lasisi za ta iya cewa 115, wata ta ce 145, kuma babu wadda ta saɓa doka.

Abu na uku shi ne wanda mutane ba sa kawowa a rai, domin an saba ɗaukar takardar lab kamar yankan wuƙa. Jinin da ke cikin kwalba bai mutu ba. Ƙwayoyinsa suna nan da rai, suna jin yunwa, kuma abincinsu shi ne sugan da ake son a auna. Muddin ba a raba ruwan jinin da ƙwayoyin ba, sugan yana raguwa da kusan kashi 5 zuwa 7 cikin 100 kowace awa, zafi kuma yana ƙara wa abin sauri. Akwai kwalba mai murfi ruwan toka da aka zuba wa sinadarin hana wannan ci, amma shi ma ba ya kamawa nan take, yakan ɗauki awa ɗaya zuwa biyu kafin ya fara aiki, kuma har awa huɗu kafin ya tsayar da shi sosai. Na taɓa leƙawa wani ɗakin gwaji cikin watan Afrilu da hantsi: babu wuta, janareta na jiran mai, kwalabe sun yi layi a kan tebur kusa da taga, injin da ke wulwula jini ya raba shi yana zaune shiru, ma'aikacin yana fifita da katin wani majinyaci. Ba laifinsa ba ne, amma jinin da aka ɗiba ƙarfe 8 aka auna ƙarfe 10 ba shi ne jinin da ya fito daga hannun mai shi ba. Yi lissafin da kanka: 135, a cire kashi 6 sau biyu, ya dawo 119. Ban ce haka aka yi da jinin Hajiya ba. Ina dai nuna maka cewa mai yiwuwa sensar ta fi takardar kusa da gaskiya a wannan safiyar. Idan a wani wuri aka ɗebi jinin sannan aka ɗauko shi a mota, misali daga Daura zuwa Katsina, zargin ya ƙara ƙarfi. Ka tambaye su ƙarfe nawa aka ɗiba, ƙarfe nawa aka auna.

Wancan duk ƙaramin lamari ne. Inda gizo ke saƙar shi ne 7.0 da 8.1, domin a kan wannan ne ake canza wa mutum magani.

GMI ba gwaji ba ne, lissafi ne. Manhajar tana tara duk karatun da sensa ta yi, ta fitar da matsakaicinsu, sannan ta zuba shi cikin wata dabara: 3.31 a haɗa da 0.02392 sau matsakaicin suga. GMI 7.0 yana nufin matsakaicin sugan Hajiya a kwanakin nan 14 ya kama 154. Da can ana kiran wannan lamba ƙiyasin A1c, sai a 2018 masana suka sauya mata suna zuwa GMI, saboda irin wannan rikicin da kuka shiga: mutane suna zaton dole ta yi daidai da ta lab. A binciken da aka kafa dabarar a kansa, fiye da mutum ɗaya cikin huɗu an sami tazarar 0.5 ko sama tsakanin lambobin biyu. Saɓanin ba baƙon abu ba ne tun daga tushe.

Shi kuwa HbA1c gwaji ne na ainihi, sai dai ba suga yake aunawa kai tsaye ba. Yana auna yawan himogulobin, wato jan sinadarin da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini, da suga ya manne masa. Ɗauki marina. Turmin zane da aka tsoma a rijiyar baba, duhun da zai yi ya danganta da abu biyu: ƙarfin babar, da kuma daɗewarsa a ciki. Baba mai ƙarfi da zanen da aka tsame da wuri za su ba ka shuɗi mai haske. Baba mai rauni da zanen da ya daɗe za su ba ka mai duhu. Wanda ya kalli zanen kawai ya ce zai faɗi ƙarfin babar, sai ya san tsawon zaman da ya yi. Jajayen ƙwayoyin jini su ne zanen, suga shi ne babar. Ana lissafin HbA1c ne a kan cewa ƙwayar jini tana rayuwa kimanin kwana 120. A wurin wanda ƙwayoyinsa suke mutuwa da wuri, gwajin zai fito ƙasa da gaskiya. A wurin wanda nasa suke daɗewa, ya fito sama.

Idan aka mayar da 8.1 zuwa matsakaicin suga, ya kama 186. Sensa ta ce 154. Me ya kawo tazarar 32?

Dalilin da na fi zato a wurin Hajiya mai sauƙi ne. Sensar ta ga kwana 14, HbA1c kuwa yana ɗauke da labarin wata biyu zuwa uku, kodayake kusan rabinsa daga watan ƙarshe yake fitowa. Kuma na lura da wata ɗabi'a a wurin kusan duk wanda ya manna sensa karon farko. Ranar da ya sha fura da nono da suga cokali uku ya ga layin ya miƙe ya haura 250 a gaban idonsa, gobe da kansa zai ce a rage. Shekara tara likita yana faɗa bai ji ba, waya ta nuna masa sau ɗaya ya ji, gani ya kori ji. Ka tambayi masu dafa wa Hajiya abinci: malmalar tuwo nawa take ci kafin a manna, nawa bayan an manna? Lemon kwalba fa, da shayi mai madarar gwangwani? An yi biki ko suna a gidan cikin wata biyun da suka wuce? Idan ta gyara ci a makonni biyun nan, to duka lambobin gaskiya suka faɗa. 8.1 labarin inda ta fito ne, 7.0 labarin inda take yanzu, kuma ƙara mata Daonil a kan tsohon labari shi ne zai kai ta ƙasa.

Dalili na biyu da zan nema shi ne ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini, wanda ya yi yawa a cikin matanmu. Irin wannan ƙarancin jinin yana ɗaga HbA1c sama da abin da sugan ya cancanta, kuma idan aka yi maganinsa sai lambar ta sauko ba tare da an taɓa maganin suga ba. Gwajin ƙidayar jini gaba ɗaya, da na feritin, mai nuna ajiyar ƙarfe a jiki, idan da hali, su za su warware wannan. Idan aka samu, a shekarunta sai an bincika ta inda jinin yake zuba, ba a ba ta maganin ƙarin jini kawai a sallame ta ba.

Akwai kuma masu ja ta ɗaya gefen, kuma a ƙasarmu sun fi yawa, don haka bari in faɗe su saboda masu karatu da nasu saɓanin ya juya, wato HbA1c ƙasa, GMI sama. Maleriya tana farfasa jajayen ƙwayoyi. Zubar jini, ƙarin jini da aka yi kwanan nan, ciwon ƙoda da ya yi nisa, juna biyu a wasu watanninsa, da ƙarancin sinadarin G6PD da ake gado, duk suna iya sa gwajin ya fito da kyau alhali sugan yana sama. Wannan ya fi haɗari ta wata fuskar, domin mutum zai tafi gida yana murna. Ga kuma sikila. Kusan ɗan Najeriya ɗaya cikin huɗu AS ne. Mai SS ba a dogara da HbA1c a kansa sam, saboda ƙwayoyinsa ba sa daɗewa. Mai AS kuwa ya danganta da irin injin da lab ɗin yake amfani da shi: wasu hanyoyin gwajin ba ruwansu, wasu kuma himogulobin S ko C yana ruɗa su, su ba da sama ko ƙasa. Abin mamaki, dattawa da yawa ba su san rukunin jininsu na AA, AS ko SS ba, domin a zamaninsu ba a gwaji kafin aure. Idan Hajiya ba ta taɓa yi ba, a yi mata sau ɗaya, ya wadatar har abada.

In an duba duk wannan ba a sami komai ba, to akwai mutanen da haka Allah ya yi su: kullum HbA1c ɗinsu yana sama da GMI da tazara kusan iri ɗaya, wasu kuma kullum ƙasa. Idan aka maimaita bayan wata uku aka ga tazarar tana nan, sai likita ya riƙe ta a ka, ya daina bin lambar lab ido rufe. Akwai kuma gwajin furuktosamin, mai ba da labarin mako biyu zuwa uku kuma bai dogara da jajayen ƙwayoyi ba, sai dai ba kowane lab yake yinsa ba.

Kada ka ɗauka ina wanke sensar ne tas. Ita ma tana da ranakun da take sharara ƙarya. Awa 24 na farko bayan an manna ta, karatunta yakan yi tangal-tangal kafin naman wurin ya saba da zaren. Bitamin C fiye da miligiram 500 a rana yana sa FreeStyle Libre 2 ta nuna sama da gaskiya, kuma mutanenmu suna shan manyan ƙwayoyin nan masu narkewa a ruwa da zarar mura ta kama su. Maganin haidiroksiyuriya da ake ba masu sikila yana sa Dexcom ta nuna sama. Zafi ma yana da nasa: kwalayen sensoshin nan an rubuta a jikinsu a ajiye su a wurin da bai wuce digiri 25 zuwa 30 ba, gwargwadon iri, mu kuwa daga Maris zuwa Mayu Katsina tana haura 40. Sensar da ta kwana biyu a but ɗin mota ko ta yi wata a shago mai rufin kwano, ba sai ta zama jabu ba kafin ta lalace. A duba ranar ƙarewar aikinta a jikin kwali, a kuma tambayi yadda aka kawo ta.

Sai ƙaryar dare, wadda ta fi wahalar da iyalai. Wani dattijo da nake dubawa ya zo yana ƙorafin cewa kullum wajen ƙarfe 3 na dare wayarsa sai ta yi ƙara, ta nuna 55 ko 60. Uwargidansa ta tanadi kofi da suga a gefen gado, tana jin ƙarar sai ta dama ta ba shi, da safe kuma sugan ya tashi sama da 200. Da na buɗe zanen sugansa a waya, sai na ga layin yana tafiya lafiya a 120, ya faɗa rami kwatsam, bayan rabin awa ya dawo inda yake kamar ba a yi ba. Na ce, Baba, ta wane gefe kuke kwanciya? Ya ce ta dama mana, kamar yadda sunna ta koyar. Sensar kuma tana damtsen dama. Nauyin jikinsa ne yake danne wurin, jini ya ragu a fatar, sensa ta ga kamar suga ya ƙare. Da suka fara huda yatsa lokacin ƙarar, sai suka riƙa samun 110, 115. Muka mayar da ta gaba hannun hagu, uwargida ta samu barci.

Ka ga ke nan mitar yatsa ba ta yi ritaya ba. Duk lokacin da abin da waya ta nuna bai yi daidai da yadda Hajiya take ji ba, ko ta nuna ƙasa da 70, ko wata lamba mai ban tsoro a sama, a huda yatsa. A wanke hannu da ruwa da sabulu a busar tukuna, domin yatsan da ya taɓa dabino ko mangwaro zai iya ba da lambar da za ta sa a ruga asibiti a banza. Amma idan tana rawar jiki, gumi yana karyo mata, idonta yana duhu, jiki magayi: a ba ta suga babban cokali ɗaya a ruwa ko rabin kwalbar lemo nan take, a sake aunawa bayan minti 15, ko me waya ta ce. Idan ta fita hayyacinta kada a ɗura mata komai a baki, a yi asibiti da ita. Wannan ya ƙara muhimmanci da azumi, inda ƙa'idar da likitocin suga suke bi ita ce a karya idan suga ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300.

Wani abu a gefe, tunda yanzu na fara ganin masu lafiya suna manna sensa don sha'awa: ba a tabbatar wa mutum ciwon suga da ita. Wannan aikin lab ne, da jinin jijiya: 126 ko fiye kafin karyawa, ko 200 bayan awa biyu da shan gulukos giram 75, ko HbA1c 6.5, kuma galibi sai an maimaita. Wanda ya ga 170 a waya bayan ya ci waina da miyar taushe kada ya yanke wa kansa hukunci.

Da ni ne Hajiya take gabana, ba GMI zan fara kallo ba. Zan buɗe shafin da ke nuna kashi nawa na lokacinta ta yi tsakanin 70 da 180. Matsayar da masana suka cim ma a 2019 ita ce a nemi fiye da kashi 70 a cikin wannan zango, ƙasa da kashi 4 a ƙarƙashin 70, ƙasa da kashi 1 a ƙarƙashin 54, kuma ga tsofaffi masu rauni an fi tsananta gudun faɗuwar, an sassauta na saman. Dalili shi ne matsakaici yana ɓoye abubuwa. Wadda take yini tsakanin 130 da 180, da wadda take faɗuwa 55 da asuba ta haura 280 bayan tuwon dare, duka za su iya fitowa da 154. Ta farko a bar ta da maganinta. Ta biyu rage mata Daonil ya kamata a yi tunani, a gyara abincin dare. HbA1c ba zai taɓa bambance su ba, sensa ce kaɗai take gani. Sai dai a tabbata ta tara karatun aƙalla kashi 70 na kwanakin 14, in ba haka ba GMI ɗin kansa ba abin dogaro ba ne. Wannan yakan faru da irin sensar da sai an kara mata waya, idan aka bar ta fiye da awa 8 ba a kara ba, musamman da dare.

Idan akwai wata sensar a hannu, ku manna, ku bar kwana na farko ya wuce. Sannan safiya uku a jere, kafin ta ci komai, lokacin da kibiya take kwance, ku huda yatsa ku rubuta lambobin biyu gefe da gefe a littafi. Idan tazarar ba ta wuce kashi 20 cikin 100 ba, sensar tana aikinta. Idan kullum tana nuna ƙasa da mita da tazara mai yawa, to ita ce ta ja GMI ƙasa, kuma 8.1 ya fi kusa da gaskiya. Ranar asibiti ku tafi da littafin, da wayar da caji a cikinta, da takardar lab, da duk magungunan da take sha a leda ɗaya har da na gargajiya da bitamin, ku roƙi a haɗa mata da gwajin ƙidayar jini, na ƙoda, da na rukunin jini (AA, AS ko SS). HbA1c kuma a maimaita shi bayan wata uku, a lab ɗin da aka yi na farko.

A gaishe da Hajiya, a ce mata likita ya ce furar ba a hana ta ba, sugan da ake zubawa ne za a janye, a kuma rage ludayi.